Awon Sabo Mai Feshi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ka tarar da kawunka da iyalinsa a Rijiyar Zaki lafiya ƙalau. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya buɗe maka ƙirji ga abin da ka je nema. Innarku tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida kuwa ka ji shi a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Kai ne na fari, ga shi sunan mahaifina ka ci, shi ya sa tsakanina da kai magana ba ta wuce "An dawo?" da "An dawo, Baba." Abin da ke cikina ba zai faɗu a waya ba, ido da ido kuma ya fi ƙarfina. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun yanzu ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ka ga layi ya karkace kamar huɗar sabon sa, ka bi shi a hankali.

Ranar da za ka tafi ina kishingiɗe a zaure, kai da abokanka kuna kan dakali a waje, kun ɗauka barci nake. Na ji ɗaya ya tambaye ka me za a koya muku a kwas ɗin nan na malaman gona. Ka ce, "Sha'anin ƙwari ne da feshi. Ni ai satifiket kawai zan je in karɓo, aikin a gida na gaje shi. Wa zai koya wa ɗan Sabo Mai Feshi haɗa magani?" Suka yi dariya, wani ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na fara ji. Wane uba ne ba ya so ya ji ɗansa yana tinƙaho da shi a bayan idonsa? Amma daɗin bai gama sauka ba tsoro ya danne shi. Ni Sabo ne kawai, wanda ya ga dama yana iya musu da ni. Kai kuwa za ka dawo da takardar shaida, a ce da kai malamin gona. Idan ka ɗauki awona na maganin feshi ka tafi da shi birni, ka dawo da shi da hatimi a kai, to ba mai iya tumɓuke shi a ƙasar nan kuma. Awon nan ba daidai ba ne, Abba. Ni da na ƙirƙiro shi nake gaya maka.

Ni ba wanda ya koya mini feshi. Ina saurayi na tafi ƙwadago Watari lokacin noman rani, na ga ma'aikatan wani Alhaji suna goya famfon feshi suna bin tumatir. Na yi kallo na 'yan kwanaki, na ga ai ba wani abu ba ne, a zuba, a girgiza, a matsa. Da na dawo gida na sayi tsohon famfo a hannun wani da zai bar sana'ar. Daminar farko wani dattijo ya kira ni gonar wakensa, fure yana ta zuba, ya ce, "Sabo, kai da ka je Watari, mene ne wannan?" Wallahi ban sani ba. Na tsuguna, na juya ganye, na murza fure, na yi shiru irin na masu sani, sannan na ce, "Darɓa ce." A cikin ƙwarin gona ita kaɗai na san sunanta. Na fesa abin da ke cikin kwalbar da nake da ita. Allah da ikonsa waken ya yi kyau. A shekarar na kowa ma ya yi kyau, har na waɗanda ba su ga famfo ba, amma ba wanda ya tsaya lura da wannan. Daga nan sunan ya bi ni.

Tun daga ranar har hannuna ya fara rawa, ba na tuna manomin da ya tambaye ni na ce masa ban sani ba. Sunan da na samu da cinta na yi ta karewa da ƙarya. To ka ji na farko: takardar da za a ba ka ba za ta sa ka san komai da komai ba. In ka tarar da abin da ya shige maka duhu, ka buɗe baki ka ce, "Bari in je in tambayo." Kunyar ba ta wuce ta wuni ɗaya. Kuma kada ka ce a fesa kana tsaye a bakin hanya, ka shiga gonar ka duba da idonka. Kwanan baya na ji a rediyo wai akwai ƙwarin da ke cin ƙwari, suna yi wa manomi aiki kyauta. Ni duk haɗawa na yi na kashe, da ɓarawo da mai gadi. Ka roƙi malamanku su nuna maka su da kyau, ina so in ka dawo ka nuna mini su in ga waɗanda na yi ta zalunta.

Sauran halina ka gani da idonka, don kana biye da ni ka girma. Ka ga yadda nake gwada magani a shago: in buɗe murfi in shaƙa, in bai buga mini kai ba in ce jabu ne. Ka ga ina gauraya shi da hannu a bokiti. Ka ga bakin famfo in ya toshe, yadda nake cire shi in sa a baki in hura, in tofar, in goge leɓe da hannun riga. In na dawo gida kaina yana juyawa, sai in aika a sayo nono in sha, in ce ya wanke. Duk wannan na yi shi a gabanka ina taƙama, har ina cewa jikina ya saba. Jiki ba ya sabawa, ajiyewa yake yi.

Wata rana Innarku ta ce mini, "Malam, rigar nan taka in na wanke ta, hannuna wuni yake yana raɗaɗi. Ko kaji ba sa shan ruwan wankin." Ka san abin da na ce mata? Na ce, "To ai kin ga shaidar mai kyau na sayo." Ta ci gaba da wankinta, tare da rigunanku a baho ɗaya. Ita ce kuma ke ɗauraye kwalaben da na gama da su, don a gidan talaka ba a yar da abu mai murfi. Wata a zuba kananzir, wata man gyaɗa, jarkar maganin kuma ta zama ta ruwan gona. Ban taɓa hana ta ba, har yaba mata tattali nake yi.

Saboda haka in ka fara aiki, kada maganarka ta tsaya a gindin bishiya wurin maza. Namiji shi ke goya famfo, amma rigar da kwalbar cikin gida suke ƙarewa. Ka nemi hanyar da bayaninka zai shiga ɗaki, ko ta bakin malamar Islamiyya, ko ta ungozoma, ko ta ƙannenka mata. In mace ta ce maka wani abu yana damun hannunta, ka saurare ta har ta gama. Ni tawa ta faɗa mini tun da wuri, na mai da ita abin raha.

Akwai abin da ba ka sani ba, don kana goye aka yi shi. An taɓa turo mana malamin gona. Yaro ne siriri, bai fi shekarunka na yanzu ba, ya zo a babur da wata jaka. Mai unguwa ya tara mu a gindin tsamiyar masallaci. Yaron ya gaishe mu cikin ladabi, ya buɗe jakarsa, ya sa takunkumi, ya sa safar hannu da dogon takalmin roba da wani gilashi, ya ce haka ya kamata mai feshi ya shirya. Ya ce kowane magani da awonsa a jikin kwalba, ba a ƙarawa. Ya ce akwai kwanakin da ake jira bayan feshi kafin mutum ko dabba su ci abin da ke gonar.

Idanun mutane duk suka dawo kaina. Na ga in maganar yaron nan ta zauna, tawa ta tashi. Sai na gyara hula na ce, "Malam, tambaya gare ni. Wannan shiga taka, feshi za ka ko tiyata za ka yi wa tsutsar?" Wurin ya kwashe da dariya, har mai unguwa yana share hawaye. Na ƙara da cewa, "Mu nan tsutsarmu ba ta yi makaranta ba, ba ta iya karanta jikin kwalba." Yaron ya yi murmushin yaƙe. Ya yi ƙoƙari ya ci gaba, amma duk abin da ya faɗa sai wani ya maimaita maganata a sake fashewa. Ya cire kayansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar jaka, ya yi mana sallama, ya hau babur ɗinsa. Bai sake zuwa ba. A ranar har shayi aka saya mini.

Ko sunansa ban tambaya ba. Yanzu in na tuna shi, fuskarka nake gani a cikin takunkumin nan, sai zuciyata ta yi nauyi. Kai ma za ka tsaya a gindin wata bishiya, kuma a kowane gari akwai Sabo. Ka san shi tun kafin ka sauka daga babur: shi ne wanda kowa ke kallo in ka yi magana. Kada ka tara jama'a ka tsinka shi ba shiri, tsoron faɗuwa ne ke sa shi cizo. Ka je gidansa tukuna, ka gaishe shi, ka zauna a tabarmarsa, ka tambaye shi abin da ya gani a gonakin nan, don ya ga abubuwa da yawa ko da bai fahimce su ba. In kuma duk da haka aka yi maka dariya, ka dawo mako mai zuwa. Da yaron nan ya dawo, wataƙila da na ji, ko ban ji don Allah ba na ji don naci. Ba laifinsa nake gani ba, ni na kore shi.

Yanzu zan zo ga wadda ta fi ci mini rai. Ka san ni ɗan ma'auni ne. Kakanka da ka ci sunansa hatsi yake aunawa a kasuwar Kunci, kuma an san shi da hannu. Zai cika mudu har yana zuba, ya tare da hannu, ya juye, sannan ya ɗebo gyara ya ƙara. In mai saye ɗan'uwa ne, ko maƙwabci, ko gwauruwa mai marayu, gyarar ta fi yawa. Yakan ce mini, "Sabo, mudu haƙƙi ne, gyara ita ce mutunci." A kan wannan na tashi, kuma har gobe a hatsi gaskiya ce.

Da na fara feshi sai na ɗauko wannan tarbiyya na kawo ta kan guba. Zan auna abin da na saba aunawa da murfin kwalba, sannan in tsiyaya gyara a kai. Baƙo in ɗan ɗiga masa. Maƙwabci in ƙara. Aboki in ƙara a kan na maƙwabci. In na yi wa mutum awo cif ba gyara, fushi yake yi, ya ce Sabo ya yi masa rowa. Har gori ake yi da ita a majalisa: "Ni ai Sabo har da gyara ya yi mini." Ka duba wannan al'amari, Abba. Duk wanda na fi ƙauna, shi na fi zuba wa.

Ba kuwa wanda na ƙauna kamar gwaggonka Hajara. Ita ta goya ni da mahaifiyarmu ta rasu. Da mijinta ya mutu ya bar mata 'yar gona a bayan gari, tana shuka gero da wake, ga awakinta da take ji da su kamar 'ya'ya. Su ne sabulunta, su ne maganinta, da su take fita kunyar biki da suna. Akwai wata ja mai haihuwar tagwaye, wadda in Yaya Hajara ta yi tari a ɗaki sai ta amsa daga turke.

Wata shekara tsutsa ta sauka wa waken garin nan. Yaya ta aiko in zo. Ban bari ta yi maganar lada ba, na je da sassafe da sabuwar kwalba. Tana tsaye a kaina ina haɗawa. Na zuba awo, na zuba gyara, na dube ta, na tuna bayan da ya goya ni, na sake tsiyayawa. Ta ce, "Kai Sabo, ka rage na wasu mana." Na ce, "Yaya, naki ai ba a aunawa." Na bi gonar nan kaf, har ciyawar da ke tsakanin shuka sai da ta jiƙe sharaf tana ɗiga. Ta yi ta sa mini albarka har na ɓace mata.

Da la'asar, kamar yadda ta saba kullum, ta koma gonar da lauje ta yanko ciyawa ta kai wa awakinta. Ban ce mata ta jira ba. Wanda ya zo ya gaya mana ana jira, na riga na kore shi da dariya.

Washegari da hantsi aka zo kirana. Na tarar da awakin a kwance, suna dalala, jikinsu yana karkarwa. Maƙwabta suka yi maza da wuƙa don kada su tafi mushe, wasu an samu, wasu ba a samu ba. Jar nan tana da ciki. Yaya ta zauna a ƙasa kusa da ita ta ɗora hannu a wuyanta, ba ta yi kuka ba, sai cewa take, "Mai abu ya karɓi abinsa." Aka rarraba naman waɗanda aka yanka gida gida, kamar yadda ake yi, har gidana. A makon gidaje da yawa sun yi fama da ciki. Aka ce annobar dabbobi ce ta ratso, wasu suka ce baki ne. Ni ma na ce annoba ce, kuma a lokacin har zuciyata na so in yarda.

Yaya ba ta sake tara awaki ba. Turken ya zauna haka nan har ta sa aka cire shi. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta koma jiran abin da za a aiko mata, kuma ka san yadda wannan ke cin mutum mai zuciya. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, har ta koma ga Allah ba ta daina yabona ba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce, "Shekarar da na yi asarar awaki, ba don Sabo ba da har waken na rasa. Har da gyara ya yi mini, ɗan albarka." Ina zaune take faɗa, ni kuwa in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce.

Har yau ba ni da tabbas. Ba likitan dabbobi da ya duba su, ni kuma ba ni da ilimin da zan yanke wa kaina hukunci ko in wanke kaina. Rashin sani ya fi dare duhu, a cikinsa nake kwana nake tashi. Kai za ka zauna gaban waɗanda suka sani. Ka tambaye su, ba sai ka kama suna ba. Ka ce wani mutum ya yi kaza da kaza da safe, aka yanki ciyawar da la'asar, aka wayi gari da kaza. Abin da suka ce maka, ka kawo mini shi yadda yake, kada ka rage masa zafi don ni ubanka ne. Ina so in san abin da nake neman gafara a kansa.

Nasihar da ke cikin wannan ba ta da tsawo. Awon da masana suka rubuta, shi ne ƙauna. Wanda ka fi so, shi za ka fi tsayawa a kan nasa cif, ko zai yi fushi, ko zai ce ka yi boko ka koyo rowa. Kuma kada ka bar gona sai ka faɗa wa mai ita yaushe za a shiga, yaushe za a yanka, yaushe za a ci. Ka faɗa, ka sa ya maimaita maka.

Za ka ce to me ya hana ni gyara abin da na ɓata da bakina? Na gwada. Bara da ciwon ƙirji ya matsa mini aka kai ni asibiti, likita ya saurari numfashina ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa, ya tambaya ko ina rufe hanci. Na ce a'a. Ya yi rubutunsa, amma na ga fuskarsa. Da na dawo gida na aika a kira mini Ilu. Ka san Ilu, shi na fara koya wa aikin, yanzu kuma shi ne babba, duk masu goya famfo daga nan har ƙauyukan gabas a hannunsa ko a hannuna suka koya. Na ce masa, "Ilu, abin nan da muke yi akwai gyaran da yake so. A daina ƙari, a daina hurawa da baki."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ciwo ne ya sa ka tsorata. Allah zai ba ka lafiya. Awonka ai ba a taɓa shi, da shi muka ci muka sha."

Na ce, "Ni mai awon na ce ba daidai ba ne."

Ya ce, "To Malam, nawa za mu zuba? Wanne za mu sa wa tsutsa, wanne za mu sa wa darɓa? In ba mu fesa ba, me za mu ce wa mai gona?"

Nan na tsaya. Na iya cewa ba haka ba ne, amma ban iya cewa ga yadda yake ba. Mutum kuwa ba ya sakin abin da ke hannunsa don an ce masa ba shi da kyau, sai an miƙa masa wani. Ilu ya yi mini addu'a, ya ajiye mini goro, ya tashi ya goya famfonsa. A bakin ƙofa na ji yana gaya wa wani cewa jikin Malam ya fara taɓa masa tunani.

Shi ya sa nake roƙonka, kada ka zauna a bayan aji kana jiran ranar raba takarda. Ka zauna a gaba kamar wanda bai taɓa ganin famfo ba. Duk abin da na koya maka ka ajiye shi a ƙofa tare da takalminka. Inda maganarsu ta yi karo da tawa, tasu ce gaskiya har sai ka gwada ka gani. Ka yi tambaya har su gaji da kai. Jarrabawar kuma ka ci ta da guminka, don wanda ya samu shaida ba sani, ni ne ya sake dawowa, sai dai shi da hatimi.

Na san halinka, kuma shi nake tsoro. Kana da kunya, kana da kara. Za ka koyo gaskiya, wannan ba na shakka. Amma ranar da ka tsaya gaban su Ilu ka ce ga awo, wani zai ce, "Ai mahaifinka ba haka yake yi ba." Kai kuma za ka sunkuyar da kai, ka ce to kowa da yadda ya iya, don kada a ce ɗan Sabo ya je birni ya dawo yana tozarta ubansa. An ce ana barin halas don kunya. Wannan ba irin wadda ake bari ba ce, akwai dabbobin mutane da ƙirazansu a cikinta.

Saboda haka ga abin da nake so. In ka dawo, kafin a tura ka ko'ina, ka fara da garinmu. Na ce maka ka fara zuwa gidan Sabon kowane gari ka zauna a tabarmarsa, to na nan garin ya riga ya amsa maka. Zan sa mai unguwa ya tara mutane bayan sallar Juma'a, da Ilu da duk masu famfo. Za a shimfiɗa mini tabarma a gaba inda kowa zai gan ni. Ka tsaya ka ce, "Awon babana ba daidai ba ne. Gyarar da yake yi cuta ce. Bai sani ba ne." Ka faɗa da ƙarfi, kada ka tauna. Za su juyo su kalle ni, ni kuma zan ce, "Gaskiya ya faɗa." Daga nan sai ka nuna musu yadda ake yi, ni ne zan fara miƙa hannu ka sa mini safar. Duk abin da ka faɗa a kaina a ranar na yafe maka duniya da lahira, biyayya ce ba saɓo ba.

Amma ka yi sauri, Abba. Ba ina nufin ka baro karatun ba, ka gama shi tsaf, sai dai in an sallame ku kada ka tsaya neman aiki a birni ko zagayen 'yan'uwa. Ka san mutanenmu, mamaci ba ya kuskure. Ran da aka ɗauke ni daga zauren nan, zan zama "marigayi Malam Sabo, Allah ya ji ƙansa," awona kuma ya zama wasiyya. A ranar ko malamanku duka ka kwaso, ba mai sauraronka, kai ma bakinka ba zai iya buɗewa a kan kabarina ba. Maganar nan tana buƙatar ina zaune ina gyaɗa kai. Ƙirjin kuwa tun da aka yi girbi ba ya barina in kai masallaci ban huta a hanya ba. Innarku ba ta so ka sani, kada ka nuna mata na faɗa.

Ka gaishe da kawunka da mutanen gidansa, ka yi musu ladabi, kada ka zama nauyi a kansu. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka sa gwaggonka Hajara a addu'a, Allah ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe mini a inda babu ɓoye ɓoye. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa mutane su tsira ta hannunka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka a tafiya da dawowa. Ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka tarar da ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo